Mutum Shida Cikin Birni Guda: Yadda John Hersey Ya Rubuta Labarin Hiroshima

A ƙarshen watan Mayu na 1946 wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna John Hersey ya sauka a Japan. Shekarunsa 31, ba ya jin Japananci, kuma kwanakin da zai yi a Hiroshima ba su wuce mako biyu ba. Wata tara ke nan da jefa wa birnin bam ɗin nukiliya. Abin da ya koma gida da shi ya cika mujallar The New Yorker ta ranar 31 ga Agusta, 1946, kalmomi kusan 30,000, ba a bar wa wani rubutu ko zanen barkwanci gurbi ba. A 1999 wani kwamiti da sashen aikin jarida na Jami'ar New York ya haɗa ya sa shi a sahun farko cikin ayyukan jaridar Amurka na ƙarni na 20. Duk mai son koyon rubuta labarin gaskiya a kan rayuwar wasu zai ƙaru idan ya duba yadda aka yi wannan aiki, har da wuraren da ya yi rauni.

Ba labarin Hiroshima aka rasa ba a lokacin. Tun ranar 6 ga Agusta, 1945, Shugaba Truman ya shaida wa duniya cewa ƙarfin bam ɗin ya haura na tan 20,000 na nakiya, jaridu kuma sun cika da hotunan kango da lissafin gine-ginen da suka rushe. Mutanen ne babu su a ciki. Wilfred Burchett, ɗan jarida ɗan Ostareliya, ya kutsa birnin a farkon Satumba ya ba jaridar Daily Express labarin wata cuta da ke kashe waɗanda ko ƙwarzane ba su samu ba, sai sojojin Amurka suka ƙaryata shi. A wannan watan ne hukumar mamaya ƙarƙashin Janar MacArthur ta kafa wa jaridun Japan dokar tace labarai. A Nuwamba, Janar Leslie Groves, wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin, ya gaya wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa likitoci sun ce mutuwar da tururin nukiliya ke jawowa mutuwa ce mai sauƙi. William Shawn, editan da ke tafiyar da ayyukan mujallar, shi ya lura da giɓin, suka tattauna da Hersey kafin ya tafi aiki ƙasar Sin.

Tsarin labarin ya zo masa tun kafin ya ga birnin. Yana cikin jirgin ruwa, ba shi da lafiya, ya karanta wani ƙagaggen labari na Thornton Wilder a kan mutum biyar da gada ta karye da su a Peru, inda marubucin ya bi kowannensu a baya don a ga abin da ya kai shi kan gadar a wannan lokaci. Hersey ya ari siffar kawai: mutane kaɗan, daƙiƙa guda da ta haɗa su, sai a bi su bi da bi. Abin da zai zuba a ciki kuwa dole ya fito daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Ƙofar da aka shiga ta ita

Da ɗan gari akan ci gari. Hersey ya riga ya karanta rahoton da wani limamin Katolika Bajamushe, Fada Johannes Siemes, ya rubuta kan abin da ya gani, don haka wajen limaman ɗariƙar Jesuit ya fara nufa. A nan ya samu Fada Wilhelm Kleinsorge, wanda bam ɗin ya rutsa da shi a gidan mishan. Ya kuma samu Fasto Kiyoshi Tanimoto na cocin Methodist, wanda ya yi karatu a Jami'ar Emory da ke Atlanta kuma yana jin Turanci sosai. Ya zanta da mutane da dama ta bakin tafinta, yana rubutawa da hannu, daga ƙarshe ya tsaya a kan shida.

In mutum ya karanta labarin da idon bincike zai ga zaren da ya ɗaure su. Hatsuyo Nakamura, wadda mijinta tela ne ya mutu a yaƙi ya bar ta da 'ya'ya uku, ta fake a lambun Asano inda Kleinsorge da Tanimoto ke taimakon mutane, daga baya limaman suka kai ta gidansu na bayan gari. Dokta Masakazu Fujii abokin limaman ne. Toshiko Sasaki, akawu a wani kamfanin gwangwani, Kleinsorge ne ya riƙa zuwa duba ta a asibiti. Dokta Terufumi Sasaki, wanda ba danginta ba ne, suna ne ya zo ɗaya, shi ne likitan da ya kula da ƙafarta a asibitin Red Cross. Kusan kowa a cikinsu ana iya kai wa gare shi ta hannun mutum ɗaya.

Wannan ya yi wa labarin amfani. Tunda hanyoyinsu sun gitta juna, abin da ɗaya ya faɗa ana iya gwada shi da na ɗaya, kuma mai karatu yana ganin wuri guda ta idanu biyu ko uku. Amma akwai abin da aka biya. A birnin da Kiristoci ba su taka kara sun karya ba, biyu cikin shida limaman coci ne, ta uku kuma ta karɓi addinin daga baya. Biyu likitoci ne. Babu soja a cikinsu, alhali Hiroshima hedikwatar babbar runduna ce. Babu Bakoriye, alhali dubban Koriyawa, da yawansu an kawo su aikin tilas, sun mutu a ranar. Babu ɗaya daga cikin ɗaliban da aka fitar da safiyar nan rushe gidaje don buɗe hanyar tare gobara, waɗanda dubbai daga cikinsu suka halaka. Ba laifin mugunta ba ne, sakamakon harshe ne da ƙarancin lokaci. A ganina wannan shi ne abu na farko da mai koyo ya kamata ya lura da shi a aikinsa: wanda ya fara buɗe maka ƙofa shi ne, ba da saninsa ba, yake zaɓa maka sauran mutanen. Ba a guje wa hakan gaba ɗaya, amma ana iya zama a rubuta sunayen waɗanda wannan ƙofa ba za ta taɓa kai ka wurinsu ba, a nemi wata.

Ƙananan tambayoyi

Labarin ya fara da ƙarfe 8:15 na safe, da abin da kowa yake yi a daidai lokacin. Toshiko Sasaki ta zauna ke nan a teburinta, tana juya kai za ta yi wa abokiyar aikinta magana. Dokta Fujii ya harɗe a barandar asibitinsa da ke gaɓar kogi yana karanta jarida. Nakamura tana tagar kicin tana kallon maƙwabcinta yana rushe gidansa bisa umarnin hukuma. Kleinsorge yana kwance a hawa na uku da kayan ciki, yana karanta mujalla. Dokta Sasaki yana tafiya a barandar asibiti da kwalbar jinin gwaji a hannu. Tanimoto yana ƙofar gidan wani attajiri a unguwar Koi, zai sauke kaya daga amalanke.

Daga irin waɗannan amsoshi ana gane irin tambayoyin da aka yi. Wanda aka ce masa "yaya ka ji a ranar?" zai ce abin ba ya faɗuwa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai marubuci bai samu komai ba. Wanda aka ce masa "ina kake tsaye, me ke hannunka, wa ke kusa da kai, sai kuma me ya biyo baya?" zai iya amsawa, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abu fiye da riƙe bayani. Tambayar ma ta fi sauƙin ratsa tafinta ba ta lalace ba.

Dubi abin da ta haifar. Dokta Sasaki ya rasa tabaransa lokacin da iskar bam ɗin ta watsa shi, sai ya cire na wata ma'aikaciyar jinya da ta ji rauni ya sa, duk da bai yi daidai da idonsa ba, kuma da shi ya yi ta aiki har tsawon makonni. Asibitin mai gado 600 ne, mutum wajen 10,000 suka kwararo cikinsa. Nakamura, bayan ta tono 'ya'yanta daga ɓaraguzai, kafin ta gudu sai da ta ɗauki keken ɗinkin mijinta, abin da take ci da yaran da shi, ta nutsa shi cikin tankin ruwa na siminti da ke ƙofar gida don kada wuta ta ci shi. Tanimoto ya sami wani kwale-kwale da gawawwaki a gefensa, ya nemi gafararsu kafin ya janye su ya ɗauka, ya yi ta tsallakar da mutane kogi. Da ya kama hannun wata mata zai ja ta ciki, fatar ta saɓule a hannunsa. Kleinsorge ya tarar da sojoji wajen ashirin a cikin kurmi, fuskokinsu sun ƙone, bakunansu sun kumbura ba sa iya shan ruwa daga buta, sai ya tsinko karan ciyawa ya yi musu abin zuƙa. Toshiko Sasaki kuwa kantocin littattafai ne suka faɗo suka karya mata ƙafar hagu, aka fito da ita aka ajiye ƙarƙashin wani kwano, ta kwana biyu a nan ba ci ba sha.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da marubuci zai iya zama a ɗaki ya ƙirƙiro. Maganar tabarau musamman: mutum ba ya kawo ta da kansa, don yana ganin ba ta kai a faɗa ba a ranar da dubun-dubata suka mutu. Sai an zauna da shi, an bi ranar sa'a bayan sa'a, an ƙi tsallake wurin da shi yake son tsallakewa.

Takarda a bayan magana

Hersey bai tsaya ga baki kaɗai ba. Ya faɗi nisan kowane ɗaya cikin shidan daga tsakiyar fashewar: Nakamura yadi 1,350, Kleinsorge 1,400, Fujii 1,550, Toshiko Sasaki 1,600, Dokta Sasaki 1,650, Tanimoto 3,500. Babu wanda ya san wannan lissafi a ranar. Daga baya ne masana kimiyyar Japan suka gano tsakiyar, ta hanyar auna inuwar da hasken ya bari a jikin gine-gine da duwatsu, shi kuma ya ɗora wuraren mutanensa a kan taswira. Ya kawo adadin likitocin birnin, 150, wanda 65 suka mutu nan take kuma yawancin sauran suka ji rauni, da ma'aikatan jinya 1,780, wanda 1,654 suka mutu ko suka kasa aiki. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa likita ɗaya mai aron tabarau ya zama abin dogaron dubbai. Ya bi matakan cutar tururin: zubewar gashi bayan kamar mako biyu, zazzaɓi, raguwar fararen ƙwayoyin jini, rauni da ya fara warkewa ya sake buɗewa. Ya yi amfani da rahoton Siemes, har da rubutun makaranta da ɗan Nakamura mai shekara goma ya yi wa malaminsa.

Abin lura shi ne inda yake ajiye alƙaluman. Ba ya tara su wuri guda. Adadin likitoci yana zuwa ne lokacin da mai karatu ke tsaye a asibitin yana tambayar ina sauran suke. Bayanin cutar yana zuwa ne bayan Nakamura ta taje kanta gashin ya biyo matajin. Ya ce mutum kusan 100,000 suka mutu, hukumar birnin a yau tana cewa kimanin 140,000 zuwa ƙarshen 1945.

Shi kansa babu shi a cikin labarin. Ba ka jin ya ce "na tambaye ta" ko "na ga", kuma ba ya cewa abin ya yi muni. Daga baya ya bayyana cewa da gangan ya zaɓi wannan murya marar ado, don kada ya tsaya tsakanin mai karatu da mutanen. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan akwai abin da ya kamata a faɗa: kalmomin da muke karantawa ba daga bakin masu su suka zo kai tsaye ba. Sun bi ta tafinta, sun bi ta alƙalamin Hersey, kuma abubuwa ne da aka tuno bayan wata tara. Idan labarin ya ce Tanimoto ya ji kunyar kasancewarsa lafiya lau a tsakiyar masu rauni, Tanimoto ne ya faɗa, ba hasashen marubuci ba ne. Amma da yake an share alamar tambaya da amsa, mai karatu ba shi da hanyar rabe abin da shaida biyu suka tabbatar da abin da mutum ɗaya ya tuna. Mai koyo da ya ari wannan salo ya sani cewa nauyin ya koma kansa gaba ɗaya: duk tunanin da ya sa a zuciyar wani, dole ya iya nuna shafin da mutumin ya faɗa masa.

Hersey ya san wannan iyaka domin ya taɓa ƙetare ta. A 1944 ya rubuta wa mujallar Life labarin wani soja da ya dawo daga yaƙi, wanda a zahiri haɗin hirarraki ne da sojoji sama da 40 aka mayar mutum ɗaya. A 1980, cikin wata maƙala a Yale Review inda ya soki marubuta Truman Capote da Norman Mailer da Tom Wolfe, ya tsaya kan cewa sharaɗin ɗan jarida guda ne, kada ya ƙirƙiri komai. Wannan bai hana a 1988 a same shi da ɗaukar abubuwa daga littafin Laurence Bergreen kan marubuci James Agee ba tare da ya ambaci Bergreen yadda ya kamata ba, har ya ba da haƙuri.

Gyara, da hannun janar

Niyyar farko ita ce a buga labarin kashi huɗu. Shawn ya ce raba shi zai kashe shi, ya shawo kan babban edita Harold Ross a ba shi mujallar sukutum. Su uku suka kulle kansu a ofis wajen kwana goma suna bin sa layi-layi, Ross yana jero tambayoyi, sauran ma'aikata ba su san abin da ake ciki ba. Bangon mujallar ya fito da zanen mutane suna shaƙatawa a lambu lokacin bazara. Cikin sa'o'i ta ƙare a kasuwa. Albert Einstein ya nemi kwafi 1,000, gidan rediyon ABC ya karanta labarin duka cikin dare huɗu, kamfanin Knopf ya fitar da shi littafi a wannan shekarar.

Akwai abin da masu karatu na lokacin ba su sani ba. Saboda tsoron dokar sirrin nukiliya da aka sa wa hannu a farkon watan, editocin sun miƙa rubutun ga Janar Groves ya duba kafin a buga, ya nemi 'yan sauye-sauye ya amince. Wato mutumin da ya ce mutuwar mai sauƙi ce shi ya ba da izinin labarin da ya ƙaryata shi. Ana iya cewa muryar nan marar zargi ce ta sa ya wuce.

Ita ce kuma aka soka. Marubuciya Mary McCarthy ta ce ya mayar da bam ɗin tamkar ambaliya ko girgizar ƙasa, abin da ya faɗo daga sama ba wanda ya aiko shi, kuma labarin waɗanda suka tsira ba zai iya wakiltar na matattu ba. Rabin maganarta gaskiya ce: duk wanda ya rubuta daga bakin shaidu, na masu rai kawai yake ji, kuma duk shidan sun fi kilomita guda daga tsakiya. Amma cewa labarin bai ɗora wa kowa alhaki ba, abin da ya biyo baya bai goyi bayanta ba. A Fabrairun 1947 tsohon sakataren yaƙi Henry Stimson ya fito da doguwar maƙala a mujallar Harper's yana kare shawarar jefa bam ɗin, kuma hayaniyar da rubutun Hersey ya tayar tana cikin dalilan da suka sa aka ga buƙatar hakan.

Mutanen bayan an buga

Sai a 1949 fassarar Japananci ta fito, shekara uku bayan duniya ta san sunayen mutanen shida da abin da suka sa a jikinsu da safiyar nan. Labarin bai taɓa su daidai wa daida ba. Tanimoto ya zama sananne, ya yi ta zagaya Amurka yana neman taimako, kuma a 1955 shi da wani editan mujalla Ba'amurke, Norman Cousins, suka kai 'yan mata 25 da suka ƙone asibitin Mount Sinai na New York don a yi musu aiki. A wannan tafiya aka fito da shi a wani shirin talabijin, aka haɗa shi ba zato da Kyaftin Robert Lewis, mataimakin matuƙin jirgin da ya jefa bam ɗin. Nakamura kuwa suna bai ba ta abinci ba. Ta gyara keken da ya yi tsatsa, ta yi ɗinki da shi, daga baya rashin lafiya ta sa ta sayar da shi don biyan likita.

Hersey ya koma shekara 40 bayan jefa bam ɗin ya nemi kowa, ya ƙara babi a 1985. Kleinsorge ya riga ya karɓi zama ɗan ƙasar Japan, ya koma Makoto Takakura, ya mutu a 1977. Dokta Fujii ma ya mutu, bayan shekaru yana kwance bai san inda kansa yake ba. Toshiko Sasaki ta zama sista. Wannan babi ya fi na farko tsauri a kan mutanen: ya nuna son holewar Fujii, da dukiyar da Dokta Sasaki ya tara, da yadda wasu a Hiroshima ke ganin Tanimoto mai son a san shi ne, har da wasiƙun jami'an Amurka da ke shakkar manufarsa. A 1946 rana guda da shekarar da ta biyo ta ya rubuta, inda kowa ya fito da mafi kyawun halinsa ko mafi rauninsa. A 1985 rayuwa ce sukutum, kuma biyu daga cikin masu ita ba sa nan balle su mayar da martani.

Duk da kwana goman da aka yi ana tankaɗe, kuskure ya tsallake. Bugun farko ya ce jaririn da matar Tanimoto ta fito da shi daga ƙarƙashin rusasshen gida namiji ne. Mace ce, 'yar wata takwas, sunanta Koko, wadda ta girma ta zama mai fafutukar yaƙi da makaman nukiliya da sunan Koko Kondo. Mahaifinta ne ya fi kowa jin Turanci a cikin shidan, kuma da Hersey ya yi masa tambaya ɗaya da ta wadatar. An gyara a bugun baya.